TAFIYA DA AKU: ABIN DA YA KAMATA MAI GIDA YA SANI KAFIN A ƊAURE KAYA



Duk wanda ya saba shiga gidajen Hausawa a unguwar Briketeri ta Yawunde, ko Niw Bel ta Duwala, ko tsofaffin unguwannin Garwa da Marwa, ya san ba abin mamaki ba ne mutum ya yi sallama a zaure ya ji an amsa masa daga cikin keji. Aku ya daɗe da zama ɗan gida a wurinmu. Fatakenmu na dā, waɗanda suka riƙa shiga kurmi neman goro, sun sha komawa arewa da shi a matsayin tsaraba, kuma har yau yaran da suka karanta Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam ba su manta da akun da bakinsa ya kai shi ga sarautar waziri ba.

To, amma gida ba ya rasa tafiya. Ga babban hutun makaranta, ga canjin wurin aiki, ga bikin dangi, ga kuma wanda girma ya kama yana so ya tattara ya koma garin iyaye. A irin wannan lokaci ne akan tuna da aku a ƙurarren lokaci, bayan an gama ɗaure akwatuna, sai a nemo kwali a huda shi, a tura tsuntsun ciki, a miƙa wa yaran mota. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa haka ba su kai ƙarshen tafiya da rai. Waɗansu a shingen jami'an tsaro ake rabuwa da su, mai su kuma ya shiga tsaka mai wuya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lafiyar aku a kan hanya tun makonni kafin a tashi ake shirya ta, kuma abin da wannan rubutu zai yi bayani ke nan.

WANE TSUNTSU NE A HANNUNKA?

Kafin komai, ya kamata mutum ya san irin tsuntsun da yake riƙe da shi, domin hukuncin doka da irin juriyarsu sun bambanta. Iri uku ne aka fi gani a gidajenmu.

Na farko shi ne aku mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda ya fi kowane iya kwaikwayon magana. Ɗan kurmi ne: mazauninsa dazuzzuka masu duhu da laima na kudancin Kamaru, Gabon, Kwango, kudancin Nijeriya har zuwa Gana. Nauyinsa bai wuce kimanin giram 400 ba, wato bai kai rabin kilo ba, amma in ya sami kulawa yakan rayu shekara 40 zuwa 60. Ma'ana, akun da aka saya wa yaro yana iya ganin jikokin yaron.

Na biyu shi ne ƙaramin aku kore mai kai ruwan toka da ciki ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, wanda Turawa ke jingina sunansa ga ƙasar Senegal. Shi ɗan dajin arewa ne, ya san rani, ya san hunturu. Ta uku ita ce tsirya, koriya mai doguwar wutsiya da jan baki, wadda manoman gero da dawa suka sani sarai.

Bayanin da ke tafe ya shafe su duka, sai dai mai jar wutsiya ne ya fi buƙatarsa, saboda shi ya fi saurin firgita, shi ya fi wahala da busasshiyar iskar arewa, shi kuma doka ta fi sa wa ido.

SHIN DOLE NE YA JE?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata mai gida ya fara yi wa kansa. Malamai sun halatta ajiye tsuntsu a keji, suna kafa hujja da labarin ƙanin Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Amma sun gindaya sharaɗi: a ciyar da shi, a shayar da shi, kada a azabtar da shi. Kowa kuma ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. Wanda ya rufe ƙofar keji ya ɗauke wa tsuntsu ikon neman inuwa da ruwa da kansa, saboda haka nauyin ya koma wuyansa.

In tafiyar ta kwana biyu ce, ko mako guda, ko ma wata guda, abin da ya fi alheri shi ne a bar aku a inda ya saba. A sami wani daga cikin mutanen gida ko maƙwabci amintacce wanda tsuntsun ya san fuskarsa, a nuna masa abinci da lokutan bayarwa, a roƙe shi ya riƙa ɗan zama kusa da keji yana yi masa magana. Aku tsuntsun garke ne, kaɗaici yana damunsa, har yakan kai shi ga tsige gashin jikinsa da bakinsa. Duk da haka, kewar 'yan makonni ta fi masa sauƙi a kan kwana biyu cikin ƙara da hayaƙi da girgizar mota. Yara za su so a tafi da shi don su nuna wa 'yan'uwansu na ƙauye, amma wannan bai isa dalili ba.

Tafiyar da ta cancanci a ɗauki aku ita ce ta ƙaura baki ɗaya, ko ta dogon zama, ko ta kai shi wurin likitan dabbobi.

MAGANAR DOKA DA TAKARDU

Abin da iyayenmu suka yi ba tare da kowa ya tambaye su ba, yau ya zama abin da ake kai mutum kotu a kansa, kuma akwai dalili. Tun daga shekarar 1975 an fitar da aku mai jar wutsiya fiye da miliyan ɗaya daga Afirka zuwa kasuwannin Turai, Amurka, Asiya da ƙasashen Larabawa. Masu kamawa sukan shafa danƙo a kan rassa a wuraren da tsuntsayen ke sauka, kamar filayen cikin dajin Lobeke a kudu maso gabashin Kamaru, ko su hau bishiya su kwashe 'ya'ya daga kogo. Masu yawa sukan mutu tun kafin su kai bakin jirgi. Wani bincike da aka buga a shekarar 2016 ya nuna cewa Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta tun daga 1992. A nan Kamaru ma, a ƙarshen shekarar 2007 an kama fiye da guda 1,000 a filin jirgin saman Duwala, aka kai su cibiyar kula da namun daji ta Limbe. Wanda ya tuna yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbansa su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke, ba zai ga baƙon abu a cikin wannan hani ba.

Akwai yarjejeniyar duniya mai suna CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washinton a 1973, mai tsara yadda ake ƙetare iyakoki da namun daji. Kamaru, Nijeriya, Nijar, Cadi da Gana duk suna cikinta. A taron da aka yi a Johannasbag a 2016 an mayar da aku mai jar wutsiya cikin jeri na ɗaya, wato jerin da ya fi kowane tsanani, hukuncin kuma ya fara aiki a watan Janairun 2017. Tun daga lokacin, fataucin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa ya haramta. Ko da naka ne na gida, ba na sayarwa ba, ƙetare iyaka da shi yana buƙatar izini biyu: na fita daga ƙasar da kake, da na shiga daga ƙasar da za ka. Ƙaramin aku kore yana jeri na biyu, shi ma sai da izinin fita. Tsirya ba ta cikin jerin, amma wannan bai ɗauke mata takardar lafiya ba.

Ya kamata a lura da cewa iyaka iyaka ce, ko da gada ɗaya ce ta raba. Wanda ya tashi daga Kusiri zuwa Njamena, ko daga Garwa zuwa Yola, ko daga Maraɗi zuwa Katsina, ya ƙetare iyaka a idon doka, ko da gidan ƙanwarsa za shi.

A cikin gida ma akwai hukunci. Kamaru ta sa aku mai jar wutsiya cikin rukunin A, rukunin namun da aka ba cikakkiyar kariya. Dokar gandun daji ta 1994 ta tanadi cewa duk wanda aka samu da irin wannan dabba a hannunsa, ana ɗaukarsa tamkar shi ya kama ta, sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2024 kuwa ta ƙara tsananta hukunci. Saboda haka wanda yake da tsohon aku a gida, kuma ƙaura ta kama shi, ya fara zuwa ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji na yankinsa, ya bayyana yadda ya same shi, ya tambayi takardar da ake buƙata. Daga nan ya je wurin likitan dabbobi na gwamnati don takardar shaidar lafiya. Gara a ji amsa a ofis, cikin natsuwa, da a ji ta a bakin shinge da tsakar dare, mota cike da fasinja suna jira.

Duk wata shaida da ke nuna asalin tsuntsu a adana ta: rasit, takardar mai kiwon da ya ƙyanƙyashe shi, lambar zoben da ke ƙafarsa in yana da shi. Likitocin dabbobi a manyan birane sukan kuma dasa wa tsuntsu wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata ko cikin tsokar ƙirji, mai ɗauke da lambar da ta keɓanta da shi. Abin da bai kamata ba ko kusa shi ne ɓoye aku cikin jaka ko ƙarƙashin kaya don a wuce jandarmomi da 'yan duwan. Wannan ya haɗa laifi biyu: saɓa doka, da toshe wa mai rai numfashi. Haka nan kada a saya daga hannun masu talla a tashoshin kudu da nufin tsaraba, domin kowane ciniki irin wannan shi ke mayar da mai danƙo cikin daji.

KEJIN TAFIYA

Babban kejin gida bai dace da hanya ba. Yana da faɗi, kowane birki zai wurga tsuntsun daga wannan gefe zuwa wancan. Kwali da kwandon kaba su ma ba su dace ba, domin bakin aku ba zai ɗauki sa'a guda yana huda kwali ba. Abin da ake so shi ne ɗan akwati mai ƙarfi, na roba mai kauri ko na katako, da ƙofar ƙarfe da ramukan shan iska a ɓangarori. Girmansa ya zama daidai yadda tsuntsun zai tsaya a miƙe kansa bai taɓa sama ba, ya juya wutsiyarsa ba ta lanƙwashe ba. In maƙeri ko kafinta ne zai yi, a gaya masa ya guji waya mai tsatsa, da sabuwar waya mai ruwan tutiya, da fenti mai dalma, saboda aku yana gwaguyar duk abin da ya samu, waɗannan kuwa guba ne a cikinsa.

A kafa sanda guda a ciki, ƙasa-ƙasa, a ɗaure ta tamau yadda ba za ta juya ba, mai kaurin da yatsunsa za su kama da kyau. A shimfiɗa takarda ko tsohon tawul marar zare-zare a ƙasa, don kada farce ya sarƙe. A cire lilo da ƙararrawa da duk abin da ke reto. Ƙofa kuwa a sa mata ɗan kwado ko a ɗaure da waya mai kauri. Aku yana lura da yadda hannu ke buɗe sakata, kuma yakan koya.

Wannan akwati kada ya zama baƙo gare shi ranar tafiya. Mako biyu ko uku kafin lokaci, a ajiye shi kusa da kejinsa a buɗe, a riƙa sa masa abin da ya fi so a ciki, har ya fara shiga da kansa. Daga nan a riƙa rufe shi na ɗan lokaci, a zaga da shi tsakar gida, in da hali a ɗan fita da shi cikin mota a dawo. Tsuntsun da aka cafko da zane aka cusa cikin akwatin da bai taɓa gani ba ya riga ya galabaita tun mota ba ta tashi ba.

Waɗansu sukan ba tsuntsu maganin barci ko na mura irin na mutane wai don ya yi shiru. Wannan ganganci ne babba. Abin da ke sa babban mutum gyangyaɗi ya isa ya kashe halittar da ba ta kai rabin kilo ba. Abin da ke kwantar wa aku hankali shi ne duhu-duhu: a rufa wa akwatin wani siririn zane ta ɓangare uku, a bar ɗaya don iska.

ZAFI, SANYI DA ISKA

A nan ne mafi yawan asara ke faruwa. Zafin jikin aku yana kai digiri 40 zuwa 41 ko da lafiyarsa ƙalau, kuma ba ya gumi. In zafi ya dame shi, ba shi da wata dabara illa ya buɗe baki yana haki, ya ɗaga fukafukai nesa da jiki. Wanda ya ga haka ya san lokaci ya ƙure: a kai shi inuwa nan take, a yayyafa masa ruwa mai ɗan sanyi a ƙafafu da jiki, a ba shi ya sha. Kada a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara.

Mu ɗauki hanyar da da yawa daga cikinmu suka sani, daga Yawunde zuwa Marwa. Jirgin ƙasa yakan tashi da yamma, ya kwana yana tafiya fiye da kilomita 600, ya isa Ngaundare da safe. Ngaundare tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,100, saboda haka asubahinta akwai sanyi, balle a watannin Disamba da Janairu. Daga nan mota za ta gangara kwarin Binuwai zuwa Garwa, inda a watannin Maris da Afrilu zafi ke haura digiri 40. Ke nan cikin yini guda tsuntsun da ya tashi cikin laimar kurmi zai ratsa sanyin tudu, ya faɗa cikin zafin bazara. Mai hankali zai zaɓi lokacinsa: ya guji bazara in da hali, ya yi ɓangaren mota da sassafe ko da la'asar sakaliya, ya tanadi mayafi mai ɗan kauri na dare da marar nauyi na rana. Alamar sanyi kuwa ita ce ka ga ya kumbura gashinsa ya takure, yana rawar jiki.

Wurin zaman aku shi ne inda mutane suke zaune. Kada a yarda yaran mota su ɗora shi a sama tare da buhuna, kada a sa shi a but, kada a sa shi a ma'ajiyar kaya ta ƙarƙashin bas, kusa da inji da salansa. In ta kama a biya masa kuɗin kujera, a biya. Tun kafin ranar tafiya a je tasha ko ofishin jirgin ƙasa a tambayi ƙa'idarsu game da dabbobi, kada a bari sai an zo shiga. A motar gida, a ajiye akwatin a kujerar baya a ɗaure shi da bel, ko a ƙasa a tokare shi yadda ba zai zame ba, nesa da hasken rana mai ratso gilashi, nesa kuma da bakin na'urar sanyaya mota. In an tsaya salla ko cin abinci, a fito da shi a ajiye a inuwa kusa da wani. Motar da aka rufe a rana takan zama tanda cikin 'yan mintoci. Babur ɗin haya kuwa, in ba ɗan taƙi ba ne kuma babu makawa, a haƙura da shi.

Sai maganar iska. Allah Ya halicci tsuntsu da jakunkunan iska a cikin jikinsa bayan huhu, yadda yake zuƙar amfanin iska fiye da mu. Wannan baiwa ce ga mai tashi sama, amma ita ce kuma ke sa gurɓatacciyar iska ta yi masa illa tun mutum bai ji komai ba. Hayaƙin salansa, hayaƙin taba, warin fetur daga jarka, turaren fesawa, maganin sauro na fesawa da na ƙonawa, duk suna iya kashe shi. Uwayen gida su lura musamman da turaren wuta: ɗakin da aka turara don tarbar baƙi bai dace a shigar da aku ba sai hayaƙin ya fita sarai. A lokacin hunturu kuma zanen da aka rufa masa zai rage masa ƙura.

GUZURI

Kada a sauya masa abinci a hanya. A ɗebi abin da ya saba ci, wanda zai ishe shi tafiyar da kuma makon farko a sabon wuri. Ranar tashi a ba shi abinci kaɗan awa biyu ko uku kafin a hau, domin aku ma yakan yi jiri ya yi amai kamar yaro. Kwanon ruwa a buɗe zai zube tun kafin a fita gari, ya jiƙa shimfiɗa. Dabarar ita ce a sa masa 'ya'yan itace masu ruwa, kamar yankan lemo, kankana, gwanda ko mangwaro, sa'an nan duk inda aka tsaya a miƙa masa ruwa mai tsabta, irin wanda mutum zai sha da kansa. Abin da ya fara lalacewa a cire shi.

A cikin mota ba a rasa mai kirki da zai so ya ba aku wani abu don ya ji ya yi magana. A hana shi cikin ladabi. Goro, shayi, kofi da cakulan duk suna ɗauke da sinadaran da ke bugar da zuciyar tsuntsu. Aboka, wanda waɗansu ke kira fiya, guba ne gare shi. Haka nan a nisanta shi da albasa, da abinci mai gishiri da yawa, da soye-soyen bakin tasha. Gyaɗa kuwa, ko da yake yana sonta, a duba ta da kyau: wadda ta yi funfuna tana lalata hanta, ƙurarta kuma tana jawo ciwon huhu mai wuyar magani.

Babban sharaɗi: kada a buɗe ƙofar akwati a fili, ko a tasha, ko a cikin mota mai buɗaɗɗen gilashi. Akun da ya shekara 10 yana sauka a kafaɗar mai gida, ƙarar hon ɗaya ta isa ta tashe shi, kuma a garin da bai sani ba ba zai gane hanyar dawowa ba. Ko wanda aka rage wa gashin fiffike yana iya tashi in iska ta taimake shi.

IN TA JIRGIN SAMA CE

Kowane kamfanin jirgi da ƙa'idarsa. Da yawa ba su yarda tsuntsu ya shiga wurin fasinja, waɗansu ba su ɗaukar aku sam. Waɗanda ke ɗauka suna bin ƙa'idojin ƙungiyar IATA game da irin akwatin da za a yi amfani da shi. Ƙasar da za a sauka ma tana da nata sharuɗɗa, waɗansu har da tsare tsuntsu na makonni. Tarayyar Turai ta hana shigo da tsuntsayen da aka kamo daga daji tun 2005, ta kuma tabbatar da hanin a 2007. Wanda ke da irin wannan tafiya ya fara neman takardu watanni kafin ya sayi tikiti.

LAFIYAR TSUNTSU, LAFIYAR IYALI

Akwai wata cuta da likitoci ke kira zazzaɓin aku. Ƙwayar cutar tana iya zama a jikin tsuntsu shiru, ba alama, sai wahala irin ta tafiya ta tayar da ita, ya fara fitar da ita cikin kashinsa. In kashin ya bushe ya zama ƙura, mutum ya shaƙa, yakan kamu. A shekarun 1929 da 1930 cutar ta bi jiragen ruwa masu dakon aku daga Kudancin Amurka ta shiga Turai da Amurka, ɗaruruwan mutane suka kwanta, waɗansu suka rasu. A yau tana da magani, matuƙar an gane ta. Matsalarta a wurinmu ita ce ta yi kama da zazzaɓin cizon sauro: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki, sai kuma busasshen tari, yawanci kwana 5 zuwa 14 bayan an shaƙa. Saboda haka in wani a gida ya kwanta bayan tafiya, a gaya wa likita cewa akwai aku a gidan. Wajen share keji a fara yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a wanke hannu da sabulu, a kuma ɗauke wa masu ciki da tsofaffi wannan aiki. Al'adar ba aku abinci baki da baki ita ma a bar ta.

Ta ɗaya ɓangaren, aku na iya ɗaukar cuta daga kaji. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya da Nijar da arewacin Kamaru a 2006, ta sake ɓulla a Yawunde a 2016, kuma a irin waɗannan lokuta hukuma takan hana zirga-zirga da tsuntsaye. Ga kuma annobar kaji da ke share akurki duk hunturu, wadda aku ma ba ta ƙyale shi ba. Kada a ajiye akwatinsa kusa da kwandunan kaji a mota, kada a ratsa kasuwar kaji da shi.

BAYAN AN SAUKA

Isowa ba ita ce ƙarshen aiki ba. A nema masa wuri mai inuwa da shiru, sama da ƙasa, inda kyanwa da ɓera ba za su kai gare shi ba, nesa da madafa. A hana yara taruwa a kansa a kwanakin farko. In akwai kaji, tantabaru ko waɗansu tsuntsaye a gidan, a raba su da shi har kwana 30. Wanda aka kawo daga kudu zuwa arewa a riƙa fesa masa ruwa da hantsi, ko a ajiye masa faranti mai ruwa ya yi wanka, saboda bushewar iska tana sa masa ƙaiƙayi.

Ba abin damuwa ba ne in ya yi kwana biyu ko uku bai ce uffan ba. Abin da za a sa wa ido shi ne ci da sha da kashi. Tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, domin a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. In ya yini guda cur bai ci ba, ko ya sauka ƙasan keji ya takure, ko wutsiyarsa tana motsi sama da ƙasa tare da numfashi, ko hanci da ido suna ruwa, ko kashinsa ya koma ruwa kore shar, to a nemi likitan dabbobi a ranar, kada a ce sai gobe.

Wannan duka zai yi wa wani kamar wahala ce mai yawa a kan tsuntsu guda. Amma aku bai roƙi a raba shi da kurmi ba, mu muka kawo shi cikinmu don ya faranta mana rai, ya kuma yi. Yaran da suka ga mahaifinsu ya biya wa tsuntsu kujera, ya tsaya a hanya ya ba shi ruwa kafin shi ya sha, sun koyi darasin riƙon amana wanda zai bi su har girma. Wanda kuma ya duba ya ga ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, to ya bar shi a hannun wanda zai iya, ko ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji su nuna masa inda za a karɓe shi.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da Ya sa a ƙarƙashin kulawarmu. Amin.